Buhun Gyaɗa Ya Zama Jingina a Damagaram

Manjan da ake aunawa a kasuwar Dole ta birnin Damagaram daga kudancin Najeriya yake zuwa, domin kwakwar manja ba ta yi a ƙasar rairayi. Man wannan yanki na gyaɗa ne. Sai dai matsalar manomin gyaɗa a Magarya iri ɗaya ce da ta mai gonar kwakwa: banki yana neman jingina, shi kuwa gonarsa ta gado ce, ba ta da takarda.

A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar UNCC don lamuni da ƙungiyoyin gama kai, ta kuma kafa kamfanin SONARA mai sayen gyaɗa. Daga tsakiyar shekarun 1960 aka gwada wani tsari a ƙasar Matamaye da Magarya: gari ɗungurungum ke tsaya wa 'ya'yansa. A lokacin ana ba manomi irin shuka gab da damina, ya biya da kaka a wurin awo. In wani ya ƙi biya, sai a cire daga rarar kuɗin da ake mayar wa gari, don haka kowa ke sa ido kan maƙwabcinsa. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya harkar, bashi ya yi katutu, aka rushe UNCC a tsakiyar shekarun 1980.

Dabarar da ta fi zama daidai da talaka ta zo ne wajen ƙarshen shekarun 1990, ta hannun wani shirin hukumar abinci da noma ta duniya, FAO. Ana ce mata warantaj. Da kaka, lokacin da kaya ya faɗi warwas, 'yan ƙungiya kan tara buhunan gyaɗa, wake ko hatsi a magaza guda, wato ɗakin ajiya, kowane buhu da sunan mai shi. Ana garƙame ƙofa da kwaɗo biyu: mabuɗi ɗaya wurin shugabannin ƙungiya, ɗaya wurin asusun ba da lamuni. Asusun ya ba da kuɗi ƙasa da darajar kayan, manomi ya sa su a kiwon rago ko lambun rani, mace ta sayi gyaɗa ta matsa mai, ta toya ƙuliƙuli. Da bazara, tiya ta yi tsada, sai a biya bashi a buɗe magaza.

Tsarin yana da rauninsa. Akwai shekarar da farashi ba ya tashi, ga kuɗin ruwa ya hau. Wani lokaci kuɗin kan makara har manomi ya riga ya sayar wa ɗan kasuwa. Wanda kuma amfaninsa bai kai shi ƙarshen rani ba, ba shi da buhun da zai ajiye, kuma irinsa suna da yawa a ƙauyukan Kance da Mirriya.