Neman Amintaccen Bakanike Domin Tsohuwar Mota

Wannan bayani ne a kan tsohuwar mota, da yadda mai ita zai gane hannun da ya cancanta a damƙa masa ita.

Akwai motocin da shekaru suka ja musu daraja maimakon su rage ta. A ƙasar nan babbarsu ita ce Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa cikin 1968. Cikin 1975, daidai da 1395 ta Hijira, masana'antar harhaɗa Peugeot ta fara aiki a Kakuri ta Kaduna, kuma ba a daina fitar da 504 a can ba sai 2006, alhali ƙasar da ta haife ta ta daɗe da barinta. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce ta 'yan kasuwa, ita ce ta haya tsakanin gari da gari. Tare da ita akwai yayarta 404, da Volkswagen Beetle mai inji a baya wadda aka riƙa harhaɗawa a Ikko, da tsofaffin Marsandi da Land Rover. Yau mafi ƙuruciyar Fijo ɗin Kaduna ta kai wajen shekara 20, manyansu kuwa sun kai 50. Waɗansu gado ne, uba ya bari, 'ya'ya ba su son rabuwa da ita. Waɗansu kuwa har yanzu su ne jarin mai gida.

To, matsalar ita ce masu sanin cikinsu suna ƙarewa. Motar zamani kwamfuta ke tafiyar da ita. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta a sa wa kowace sabuwar mota kafar da za a jona na'ura ta faɗi inda ciwo yake, sauran ƙasashe kuma suka bi. Yaron da ya koyi aiki a kan irin waɗannan, in an kawo masa 504 sai ya rasa inda zai jona. Ita kafireto gare ta mai gauraya fetur da iska, da kwantak mai raba wuta zuwa fulogi, da tafet da ake daidaitawa da hannu. Ganewarta da kunne ne da hanci da yatsa. Beetle kuwa ba ta da lagireto ko kaɗan, iska ke sanyaya injinta, don haka wanda ya cire gwangwanayen da ke kewaye da injin ya yar, yana cewa tarkace ne, ya kashe ta ke nan, ko da yake ba ranar za ta mutu ba.

Almajiran ilmi sun san ba a karɓar karatu sai an tambayi wurin wa malami ya ɗauka. Haka ya kamata a yi wa bakanike. A tambaye shi wa ya koya masa, shekara nawa ya yi a ƙarƙashinsa, kuma wace irin mota ce ta fi yawa a garejin maigidansa. Wanda ya faɗi sunan maigidansa da sakin fuska, har ya nuna inda yake ko inda 'ya'yansa suke, ya ba da hanyar da za a bi a bincike shi. Wanda ya ce shi kowace mota ya iya, daga keken ɗinki har jirgin sama, a yi masa sallama.

Sa'an nan sai tazkiya, yadda alƙali ba ya karɓar shaidar wanda bai sani ba sai adilai sun wanke shi. Masu wanke bakanike iri biyu ne. Na farko tsofaffin direbobin tasha, waɗanda suka yi shekaru suna jan Fijo tsakanin Kano da Kaduna ko Sakkwato da Gusau. Su ne suka kwana a daji saboda mugun gyara, ba su mance wanda ya jawo musu ba. Na biyu masu sayar da kayan gyara, irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, gama su ne suka san wanda ke zuwa ya nemi na ƙwarai, da wanda ke sayen jabu ya ce a rubuta masa rasit na mai tsada. Sai dai a lura, mai shago yana iya yabon wanda ke kawo masa ciniki. Saboda haka ba a tsayawa kan bakin mutum guda.

In an sami suna, sai a tafi garejin ba tare da motar ba, a zauna a yi kallo. Gareji yana faɗin halin mai shi. In an ga motoci sun yi shekaru a ajiye, tayoyi sun sace, wannan babu fitila, waccan babu kafireto, to, a sani ana yanka wata ne a ciyar da wata. In an ga ana kwance inji a kan rairayi, iska na kwaso ƙura tana zubawa cikinsa, ana dukan kusoshi da guduma don babu sufana daidai da su, wannan ma ya isa. Na ƙwarai yana da rami ko abin ɗaga mota domin a shiga ƙarƙashinta, yana wanke abin da ya kwance ya jera a kan faranti, yaransa kuma suna tsoron idonsa.

Akwai wata alama da mutane ke ɗauka aibi, alhali ita ce babbar shaida. An san Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, da yawan amsa tambaya da cewa bai sani ba, wannan kuwa bai rage shi ba a wurin malamai. Bakaniken da ya ce wannan aikin mai waya ne, ko na mai gyaran bodi ne, ya tura mutum wurin wani, ya bar kuɗi sun wuce shi domin gaskiya. Irinsa ake nema. Duk da haka kada a fara ba shi babban aiki. A gwada shi da ƙarami, kamar juyen baƙin mai da daidaita kafireto, a ce ya ajiye duk abin da ya cire a gani. Wanda ya ji haushin wannan sharaɗi ya sauƙaƙa wa mai mota bincike.

Dubawa kafin saye ta fi gyara hatsari, domin a nan ne dukiya ke tafiya gaba ɗaya. Sharaɗi na fari shi ne mai dubawa kada ya zama mutumin mai sayarwa ko na dillali. Dillali la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, to, yaya za a sa shi ya zaɓo wanda zai ɓata cinikin? Mai saye ya zo da nasa, ya biya shi ladan dubawa, a saya ko a fasa.

Masanin aiki zai ce a kai shi da sassafe, kafin a tayar da motar, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Zai dubi hayaƙin salansa: shuɗi alamar injin na ƙona baƙin mai, baƙi alamar fetur ya yi yawa, fari mai kauri wanda ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. Zai buɗe murfin baƙin mai, in ya ga abu fari-fari kamar kindirmo ya san ruwa da mai sun gauraya. Zai auna ƙarfin matsin kowane silinda, huɗun su zo kusa da juna. Zai ɗaga shimfiɗar ƙasa ya dubi daɓen motar, da ƙarƙashin batir, da gindin ƙofofi, da wuraren da ake kafa jak, nan tsatsa ke fara ci. Zai bi jikinta da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ƙarfe ya ƙare, cikon fanalbita ne aka shafe da fenti. Daga ƙarshe ya gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardu, don kada mutum ya sayi kayan sata ya kwana a hannun hukuma.

Waɗannan dabaru na ɓoye aibi ba sababbi ba ne, tufafi kawai suka sake. Littattafan fiƙihu sun yi magana a kan dabbar da ake ƙin tatsa kwana da kwanaki domin hantsarta ta cika mai saye ya ruɗu, suka ba shi ikon mayar da ita tare da sa'i guda na abinci. Wanda ya ɗura wa inji baƙin mai mai kauri don ya danne ƙara da hayaƙi, ɗan'uwan mai wannan dabba ne. Kuma shari'a ta yarda a yi ciniki bisa zaɓi zuwa wani lokaci domin gwaji ko shawara. Muhtasar na Shaihu Halil ya ambaci kamar kwana uku ga dabba, kamar wata guda ga gida. Mai sayen tsohuwar mota ya nemi irin wannan sharaɗi a gaban shaidu, ya hau ta a kan doguwar hanya da tudu. Mai sayarwar da ya ce sai dai yanzu-yanzu, akwai wani na jira, a bar wa wancan.

Motar gado da ta daɗe a rumfa tana da nata hukunci. A ɗauka magada sun sa mata batir, ta tashi bugu ɗaya, murna ta kama su, suka ce gobe sai ƙauye da iyali. Ba su san man birki yana shan danshi ba, robobin birki kuma suna tsagewa da tsufa ko ba a taka su ba, tanki ya yi tsatsa daga ciki. Taya ma tana tsufa a tsaye. A gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ko da zanenta bai goge ba. Amintaccen bakanike da birki da sitiyari da taya zai fara, fenti ya zo daga baya, ko mai mota ya so ko ya ƙi. In kuwa akwai marayu cikin magada, wasiyyi ba shi da ikon ya miƙa dukiyarsu ga wanda bai bincika ba.

Game da abin da ya ɓace a gareji, mazhabar Malik ba ta yi sassauci ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa masu sana'a suna lamunin abin da aka ba su suka kaɗaita da shi, sun yi aikin da lada ko ba lada, sai fa in hujja ta tsaya cewa ya halaka ba da sakacinsu ba. Watau in kafireto na asali ya bar motar a garejinsa, biya ya hau kansa. Amma hujja ba ta tsayawa sai an san abin da aka kawo. Don haka ranar miƙa mota a rubuta takarda: abin da ke jikinta, aikin da za a yi, ladansa, wa zai sayo kaya, da ranar karɓa, gama ijara ba ta inganta da lada wanda ba a sani ba. Mai mota shi ma akwai nasa: kada ya sayo jabun kaya don araha sa'an nan ya zargi mai ɗaurawa, kada ya tsaya a kansa yana gaggauta shi, kuma ya biya shi ranar da ya gama. Takardar a yi ta biyu, da ajami ko da boko, kowa ya riƙe ɗaya, shaidu biyu su sa hannu.