Lilo, suya da allura: Fita shaƙatawa da yaron da abinci ke iya halaka shi

Duk ranar da aka sauko daga Idi, ko aka shiga hutun ƙarshen shekara, hanyar da ke kaiwa filin wasan Magicland, kusa da Ƙofar Birnin Abuja, takan cika maƙil da motoci. Haka abin yake a bakin tafkin Jabi da lambun Millennium da ke Maitama. Yara na ɗoki, hayaƙin suya na tashi, masu gugguru da askirim na kai da komo. Ga yawancin iyaye, lissafin ranar bai wuce kuɗin tikiti da wurin ajiye mota ba. Amma akwai gidajen da fita irin wannan ke zo musu da fargaba, domin suna da yaron da ɗan ɓurɓushin gyada, ko cokali guda na madara, zai iya toshe masa numfashi cikin 'yan mintuna.

A birnin ma'aikata irin Abuja, sau da yawa ba uwa ko uba ne ke riƙe da hannun yaron ba. Maigida yana wurin taro, uwargida na fama da baƙi, sai a haɗa yara da hadimi ko direba ko mai reno, a ba shi kuɗi a ce ya saya musu abin da suke so. Wannan mutumin ne zai tsaya gaban mai sayar da abinci, kuma shi ne zai yanke shawara idan leɓen yaro ya fara kumbura. Galibi kuwa ba a faɗa masa komai ba sai “ka kula, ba ya cin gyada”.

Abin da ya wuce borin jini

Hausawa sun san borin jini: mutum ya ci wani abu, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ya yi ta susa, a sha magani ya kwanta. Abin da likitoci ke kira anafilaksis mataki ne da ya zarce wannan nesa. Garkuwar jiki ce ke ɗaukar sinadarin wani abinci a matsayin maƙiyi, ta saki sinadarai masu yawa a lokaci guda, sai maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska a huhu su tsuke, bugun jini ya faɗi. Yakan fara cikin mintuna kaɗan bayan cin abincin, wani lokaci ya jinkirta har kusan sa'o'i biyu. Alamominsa sun haɗa da kumburin harshe ko leɓe, dishewar murya, tari mai naci, numfashi mai ƙara, amai a kai a kai, jiri, ko ƙaramin yaro ya yi laƙwas ya ɗashe. Yana iya zuwa ba tare da ƙurji ko ɗaya a fata ba, kuma wannan ne ke yaudarar masu jiran su ga borin jini kafin su yarda akwai matsala. Yaron da ke da asma ya fi shiga haɗari, sannan guje-guje da tsalle-tsalle, waɗanda su ne suka kawo shi filin wasa, na iya ƙara wa abin ƙarfi.

Babbar wahalar iyayen irin waɗannan yara a nan gida ita ce mutane ba sa gaskata su. A ƙasar da ake yaye jarirai da kunun gyada, wanda ya ce gyada za ta kashe ɗansa sai a ɗauke shi mai iyayi ko mai kwaikwayon Turawa. Akwai ma ɗan dalili a bayan wannan mamaki: binciken LEAP da aka yi a Landan kan jarirai 640, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa fara ba jarirai gyada da wuri na rage yiwuwar kamuwa da wannan larura da kusan kashi 80 cikin ɗari. To amma binciken rigakafi ne ga wanda bai kamu ba. Yaron da larurar ta riga ta tabbata a jikinsa, ba a “saba masa” da ɗan kaɗan-kaɗan a gida, komai nacin kakarsa.

Inda gyada ke ɓuya

Idan aka tambayi mai suya ko akwai gyada a namansa, zai ce “Wallahi Hajiya babu”, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, domin a tunaninsa gyada ita ce wadda ake soyawa a ƙulla a leda. Amma yajin da ya barbaɗa da garin ƙuli-ƙuli aka haɗa shi, man da ya shafa wa naman kuma mai yiwuwa na gyada ne. Kilishi a cikin kwaɓin gyada ake tsoma shi kafin a sake shanya shi. Daƙuwa da gyada ake kirɓa ta, miyar taushe ma akan saka mata. Mai gugguru kan auna gugguru da gyada da gwangwani ɗaya, wasu kuma na zuba wa guggurun madarar gari don ya yi daɗi.

Maganar mai kuwa ta fi rikitarwa. A kasuwannin Najeriya kusan duk farin man girki “man gyada” ake ce masa, ko da na waken soya ne ko na kwakwar manja da aka tace. Saboda haka amsar mai tuya ba ta da amfani sai an ga galan ɗin da rubutun jikinsa. Man gyada na gargajiya, wanda mata ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli, shi ya fi haɗari, domin ba a tace shi ba, sinadarin da ke tayar da cutar na nan a cikinsa. Kuma kaskon da aka soya kaza mai yaji a ciki, shi ne za a soya dankali a ciki bayan minti biyar.

Sauran nau'o'in abincin ma kowanne da maɓoyarsa. Yaron da ba ya jituwa da jatan lande zai iya haɗuwa da garin busasshensa a cikin alala ko dafa-duka. Miyar shawarma da ƙwai ake yin ta, a gidajen abincin Larabawa kuma akan haɗa da niƙaƙƙen riɗi. Awara waken soya ce zalla. Cokalin da ake ɗibar askirim yakan bi ta kowane kwano, daga mai gyada zuwa marar gyada, ba tare da an wanke shi ba.

Ƙa'idojin hukumar NAFDAC sun buƙaci masu sarrafa abincin da ake kullewa a leda ko gwangwani su bayyana irin waɗannan sinadarai a jikin kayansu, don haka biskit ɗin kamfani da aka karanta bayaninsa ya fi abin da aka ɗebo da ludayi tabbas. Teburin mai suya ba shi da rubutu. Shi ya sa iyaye da yawa da suka san zafin abin suka gwammace su ciyar da yaron a gida kafin a fita, su kuma ɗauko masa abincinsa a kula, har da ɗan abin kwaɗayi da zai riƙe lokacin da 'yan uwansa ke lasar askirim. Wasu wuraren ba sa barin a shiga da abinci daga waje. A nan ne takardar likita da kiran waya ga manajan wurin kwana ɗaya kafin zuwa ke amfani, maimakon a tsaya ana jayayya da mai gadi a bakin ƙofa.

Darasin Orlando

Ma'aikatan da ke kai iyali hutu Dubai ko Faransa ko Amurka kan ɗauka cewa da an sauka can an tsira. Gaskiya ne dokoki sun fi tsauri. Tarayyar Turai ta wajabta bayyana nau'o'in abinci 14 masu tayar da wannan larura, har a gidajen cin abinci, tun Disamban 2014. Amurka na da jerin tara, bayan da aka ƙara riɗi daga 1 ga Janairun 2023. Birtaniya ta ƙara tsaurara tata dokar a Oktoban 2021, sakamakon mutuwar wata yarinya 'yar shekara 15 da ta ci burodi mai riɗi da ta saya a filin jirgin Heathrow a 2016, ba tare da an rubuta hakan a jikin ledar ba. Wuraren wasa na Disney kuma sun yi suna wajen kula da irin waɗannan baƙi: suna da jerin abinci na musamman, ana iya neman ganin mai dafa abinci ya zo teburi, kuma a Walt Disney World da ke Orlando an yarda a shiga da abinci daga gida matuƙar ba a kwalba yake ba.

Duk da haka, a Oktoban 2023 wata likita 'yar shekara 42 daga New York, wadda jikinta ba ya jituwa da madara da dangin gyada, ta rasu bayan cin abincin dare a Disney Springs, unguwar shaguna da gidajen abinci ta wurin. A ƙarar da mijinta ya shigar a 2024, ya ce sun tambayi mai kawo abinci sau da dama, aka tabbatar musu babu matsala. Gidan abincin na wani kamfani ne dabam da ke haya a wurin, ba Disney ke tafiyar da shi ba. Likita ce, ta san cutarta, ta tambaya, har ta yi wa kanta allura.

Abin lura a nan shi ne filin wasa ba kicin ɗaya ba ne. Ƙarƙashin suna guda akwai masu girki da yawa, kowa da ubangidansa da ƙa'idarsa, a Orlando ko a Abuja. Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda ta isa ga wanda ya riƙe tukunya: da wane mai aka soya, a wane kasko, me aka yanka a kan katakon nan kafin wannan. Ƙaramin kati da aka rubuta sunayen abincin da yaron ba ya ci, da Turanci da harshen ƙasar da aka je (Larabci a Dubai, inda kayan zaƙi ke cike da fistashiyo da riɗi), ya fi saƙon baki da zai bi ta mutum uku. Zuwa cin abinci kafin cunkoson rana ma na taimakawa, lokacin da masu girki ba su rikice ba. Idan aka kawo farantin bai yi kama da abin da aka yi alkawari ba, ko amsar ta zo da inda-inda, a mayar da shi.

Allurar da ba a bari a mota

Maganin anafilaksis na farko ɗaya ne, allurar adirenalin a tsokar gefen cinya ta waje. Piriton da makamantansa na kwantar da ƙaiƙayi ne kawai, ba sa buɗe maƙogwaro, kuma suna ɗaukar lokaci kafin su fara aiki. Ɗura wa yaro manja ko madara, kamar yadda aka saba idan ana zargin guba, ɓata lokaci ne, kuma zai iya shaƙe wanda numfashinsa ya riga ya ƙuntata.

Allurar da aka ƙera don iyaye, irin su EpiPen, kamar alƙalami take, ana danna ta ko ta kan wando. Bisa ma'aunin Amurka, mai miligiram 0.15 ta yara ce masu nauyin kilo 15 zuwa 30, mai 0.3 kuma ta waɗanda suka kai kilo 30 zuwa sama. Likitan yaron ne zai zaɓa. Ana so a riƙe biyu, domin idan minti biyar suka wuce ba a ga sauƙi ba akan yi ta biyu. A Agustan 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'i da ake fesawa a hanci mai suna neffy. A Najeriya irin waɗannan na da tsada kuma ba kowane kantin magani ke da su ba, shi ya sa masu hali ke sayo su idan sun yi tafiya. Wanda bai samu ba sai ya zauna da likitan yara a tsara masa abin yi da adirenalin ta kwalba da sirinji, a rubuta masa adadin daidai da nauyin yaron, a kuma koya masa da hannu. Wannan ba aikin da ake koya a ranar tashin hankali ba ne.

Zafi na lalata maganin. An so a ajiye shi a ma'aunin zafi 20 zuwa 25, ga shi kuwa Abuja a watan Maris takan haura 35, cikin motar da aka kulle a rana kuma ya fi haka nesa. Ba a saka shi a firiji ko a kan ƙanƙara. 'Yar jaka mai kare zafi da ke rataye a jikin babba ta isa. Ruwan ciki garau yake, idan ya sauya launi ko ya yi gurɓi-gurɓi a nemi sabo. A manyan wuraren wasa na waje, inda ake tilasta ajiye jaka a akwati kafin a hau wasu lilo, jakar allura ta zauna a hannun wanda ke tsaye a ƙasa. Kafin yaro ya ci komai kuma a wanke masa hannu da sabulu ko a goge da jiƙaƙƙen tishu, domin man tsaftace hannu na kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ya cire sinadarin gyada daga hannun da ya riƙe ƙarfen lilo.

Idan abin ya faru, a yi allurar tukuna sannan a kira agaji: 112 a Najeriya da Turai, 911 a Amurka, 998 don motar asibiti a Dubai. A riƙe ƙafar yaron da kyau lokacin allurar don kada ya fizge. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, ko a bar shi ya zauna idan numfashi ne ke masa wuya, amma kada a miƙar da shi tsaye ko a sa shi ya taka zuwa mota. A ɗauke shi. Ko ya wartsake ya fara neman komawa lilo, asibiti za a wuce, domin alamomin kan dawo bayan wasu sa'o'i. Daga Magicland, Asibitin Ƙasa ba shi da nisa, sai dai a ranar Sallah fitar da mota daga wurin ajiya kaɗai na iya cin lokaci mai tsawo, don haka direba ya ajiye ta kusa da ƙofar fita, ta fuskanci titi.

Hadimin da aka ba wa amanar yara yana da haƙƙin ya nemi abubuwa uku kafin ya tayar da mota: takarda ɗauke da sunayen abincin da alamomin da lambar likita, allurar a hannunsa tare da nuna masa yadda ake danna ta, da kuma izini ƙarara daga iyaye cewa ya yi ta ba tare da jiran an ɗaga wayarsa ba. Na ukun ne aka fi mantawa. Ma'aikacin da ya saba ba ya taɓa komai sai maigida ya sa hannu zai tsaya yana ta kiran lambar da ke kashe a ɗakin taro, alhali likitoci sun yi ittifaƙi cewa illar allurar da aka yi bisa kuskure, wato bugun zuciya da rawar jiki na ɗan lokaci, ba ta kai ta allurar da aka makara ba.