Gargaɗi: A Daina Dukan Likitoci da Nas-nas a Imajansi

Wannan gargaɗi ne ga duk mai kai majinyaci sashen gaggawa na asibiti, wanda muka fi sani da imajansi, musamman matasanmu da ke rako wanda ya yi haɗari cincirindo a kan mashina. Ku janye hannunku daga jikin likita da nas. Mari, shaƙe wuya, jifa da kujera, barazanar "za mu haɗu a waje", duk sun zama ruwan dare, kuma wanda abin ke fara cutarwa shi ne majinyacin da kuka kawo.

Na gani da idona. Wani dare, wajen ƙarfe ɗaya, ina jinyar kawuna a wani asibitin gwamnati, aka shigo da wani yaro da ya faɗi a mashin, jina-jina, abokansa sun fi goma a bayansa. Likita ɗaya ne a ɗakin, da nas biyu. Likitan yana kan wani dattijo da numfashinsa ke sarƙewa. Wata nas ta durƙusa tana laluben jijiyar yaron don ta sa masa ƙarin ruwa. Jijiyar ta ɓuya saboda jinin da ya zubar, ta soka sau biyu ba ta dace ba. Sai wani cikin abokan ya ce, "Ke malama, kashe shi za ki yi?" Kafin ta ɗago kai ya kwaɗa mata mari. Allura ta faɗi. Abokiyar aikinta ta ja ta suka shige ofis suka kulle, likita ya bar dattijon ya tare ƙofa, mai gadi ya ruga neman 'yan sanda. Duk tsawon hayaniyar nan yaron yana kwance, jini na ɗiga a siminti, babu mai taɓa shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, imajansi ba layin banki ba ne. Ba a bin wanda ya riga zuwa, ana bin wanda ya fi kusa da mutuwa. Mai karaya da ke kurma ihu yana numfashi, yana cikin hayyacinsa, zai iya jira kaɗan. Wanda ya yi shiru a lungu, gumi mai sanyi na keto masa, shi ne kan gaba. In ka ga likita ya wuce naka ya nufi wani, yawanci ba sanayya ba ce, ba kuma raini ba.

Ba na cewa ma'aikatan asibiti mala'iku ne. Akwai masu baƙar magana, akwai masu danna waya majinyaci na nishi, duk mun gamu da su. Akwai kuma takaicin a ce maka babu gado, babu jini, je ka sayo safar hannu a kemis da tsakar dare. Amma nas ɗin da ke gabanka ba ita ke sayen gado ba, ba ita ke zuba wa janareto mai ba. Dukanta barin jaki ne ana dukan taiki.

Doka kuma ta ba ka hanya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 ta wajabta a kula da mai raunin harbin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. In an yi maka sakaci, rubuta lokaci da sunan ma'aikacin, ka kai ƙara ofishin shugaban asibiti ko teburin SERVICOM. In abin ya girma, akwai hukumar MDCN mai ladabtar da likitoci, akwai majalisar da ke kula da nas-nas da ungozoma. Da zarar ka ɗaga hannu kuwa, ƙararka ta rushe, kai ne za ka kwana a caji ofis.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya kan sha duka a wani lokaci na aikinsu. A jihar Kerala ta Indiya, cikin Mayun 2023, wani mutum da 'yan sanda suka kai a duba masa rauni ya caccaka wa matashiyar likita Vandana Das almakashi har ta rasu, abin da ya sa jihar ta tsananta dokarta. Sai dai mu ba mu da rarar likitocin da za mu kora. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekaru. Kuma sau da yawa in aka daki ɗaya, ƙungiyarsu kan janye aiki, sai mai naƙuda da mai ciwon suga su tarar da ƙofa a rufe.

Shugabannin asibitoci, ku ma da ku ake. Mai gadi ɗaya da sanda ba tsaro ba ne. A taƙaita masu shiga, a sa wanda zai riƙa fitowa yana yi wa dangi bayani, don rashin jin komai ne ke tunzura su. In an daki ma'aikaci, a daina tilasta masa yafewa don wani babba ya bugo waya.

Ku kuma masu rakiya, mutum biyu sun isa su shiga: ɗaya ya yanki kati ya sayo magani, ɗaya ya tsaya ya faɗa wa likita abin da ya faru da lokacin da ya faru. In kun ga ɗan'uwanku ya fara huci, ku riƙe shi ku fitar da shi waje. Sauran ku nufi ɗakin ɗibar jini ku miƙa hannu, don a irin wannan dare leda ɗaya ko biyu ake nema ruwa a jallo.