Yaɓen Tsohon Gini a Intanet

Kowa ya san yadda mutanen Khaddamari ke yi wa ɗakin ƙasa kafin damina. Ba a rushe shi don ya tsufa. A kwaɓa ƙasa a yaɓe, a sake azarar da gara ta ci, shi ke nan. To, 'yan'uwana ɗalibai, ana yi wa shafukan intanet irin wannan aiki, shi nake so in bayyana muku.

Mai gina shafi ba ya somawa daga fili. Akwai harsashin da wasu suka riga suka kafa, sai ya ɗora nasa gini a kai. Ɗaya daga cikin irinsu shi ne Drupal, wanda wani mutumin Beljiyam, Dries Buytaert, ya fitar a 2001. Fitowa ta 7 ta zo a 2011, makarantu da ofisoshi masu yawa suka yi gini a kanta. Amma da ta 8 ta fito a 2015, sai ga shi an sake harsashin ɗungurungum. Kayan da mutane suka ƙara wa tsohon ba su shiga sabon, sai an sake ƙera su, wannan kuwa aikin gwani ne mai tsada.

Mutum biyu a Amurka, Nate da Jen Lampton, sun hango haka tun 2013. Suka ɗauki tsohon suka yi ta gyara, suka sa masa suna Backdrop, ya fito a Janairu 2015. Suka zubar da abin da ya ruɓe, suka sa shafi ya riƙa daidaita da fuskar wayar hannu, suka kuma bar ƙofa don mai tsohon gini ya kwaso kayansa. Kyauta ne. A ganina dabararsu ta fi dacewa da makarantar da kuɗinta ba ya wuce na alli da rajista.

Ga inda hatsarin yake. Ran 5 ga Janairu 2025 masu Drupal suka daina toshe kafofin fitowa ta 7. Watau in ɓarawo ya sami tsaga, masu Drupal ba za su yaɓe ba, alhali a ciki ake ajiye sunayen yara da sakamakon jarrabawarsu. Saboda haka duk wanda aka tura koyarwa makarantar da ke da shafi, ina roƙonsa ya tambayi hedimasta, cikin ladabi, a kan wane harsashi aka gina shi, yaushe kuma aka yi masa gyaran ƙarshe.