Sakan Goma: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Tseren Mita 100

A Furfuri, kamar kowane gari a ƙasar Bungudu, akwai yaron da kowa ya san ba a cim masa. Shi ake aika idan saƙon na gaggawa ne, shi ake ajiyewa a gefen fili ranar ƙwallo, in akuya ta tsinke igiya shi ake ƙwala wa kira. Idan hira ta yi daɗi a majalisa, sai ka ji wani ya rantse cewa da yaron nan zai samu hanya, da Usain Bolt ya sha ƙura. Wani ya ƙara da cewa ai malamin wasanni ya taɓa auna shi da waya, ya cinye mita 100 cikin sakan goma da rabi. Ba na musu cewa yaron yana da ƙafa. Lambar ce ban yarda da ita ba, kuma wanda ya san yadda ake samo lamba a manyan gasanni zai ga dalilina.

Mita 100 bai kai tsawon cikakken filin ƙwallo ba, saura kaɗan. Shi ne gajeren tseren da ya fi kowane suna, kuma wanda ya ci shi ake kira mutumin da ya fi kowa gudu a duniya. Yana da 'yan'uwa, mita 200 da mita 400, sai gudun miƙa sanda da mutum huɗu ke yi. Duk sun sha bamban da gudun famfalaki, inda juriya ke aiki. Nan babu tattali: abin da jiki ya tara, a take ake zazzage shi.

Lambar da ke kan gaba har yau ita ce sakan 9.58. Bolt, ɗan ƙasar Jamaika, ya kafa ta a birnin Berlin na Jamus ranar 16 ga Agusta, 2009. Taku 41 ya yi daga farko zuwa ƙarshe, wato kowane taku ya kusa mita biyu da rabi. Ka auna hakan a tsakar gida ka gani. Tsakanin mita 60 da 80 gudunsa ya haura kilomita 44 a awa, irin tafiyar ɗan acaɓa a cikin Gusau idan hanya ta buɗe. Tyson Gay na Amurka ya yi 9.71 a wannan tsere, lambar da da a wata shekara ce da ta ba shi zinare, amma ya ƙare yana kallon bayan Bolt. Kwana huɗu bayan haka Bolt ya sake kafa tarihi a mita 200 da sakan 19.19.

Mutum na farko da agogon lantarki ya tabbatar ya sauka ƙasa da sakan goma shi ne Jim Hines na Amurka, da 9.95, a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko. Daga Hines zuwa Bolt shekara 41 ke nan, da sababbin takalma da filaye da likitoci da kuɗi, amma abin da aka iya ragewa bai kai rabin sakan ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a wannan fage rabin sakan ba ƙaramin abu ba ne. Tazarar mita biyar ce.

To, yaya ake aunawa? Bindigar tashi a haɗe take da agogo, da ta yi ƙara agogo ya kama aiki da kansa. Bayan kowane ɗan tsere akwai ƙaramar lasifika, don kada na kusa da alƙali ya riga na nesa jin ƙarar. A bakin layin ƙarshe akwai kyamara mai ɗaukar hoto dubbai a sakan ɗaya. Abin da ake dubawa a hoton shi ne gangar jiki. Kai ko hannu ko ƙafa in sun riga shiga, ba su da lissafi, shi ya sa za ka ga suna turo ƙirji gaba kamar za su kifa. A Olamfik na Paris a 2024, allo ya rubuta wa Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika lamba ɗaya, 9.79. Ƙafar Thompson ta riga ta Lyles taka layi, masu kallo da yawa har sun fara yi masa murna. Da aka duba hoto, ƙirjin Lyles ya riga da kashi biyar cikin dubu na sakan, tazarar da ba ta wuce faɗin yatsu uku ba. A tseren nan mutum takwas suka shiga, duka takwas suka sauka ƙasa da sakan goma. Na ƙarshensu, Oblique Seville, ya yi 9.91, lambar da ta fi wadda Hines ya ci zinare da ita. Shi wannan na ƙarshen ne kuma ya zama zakaran duniya a Tokyo a 2025, da 9.77.

Yanzu mu dawo kan malamin wasanni da wayarsa. Yana tsaye a ƙarshen fili, wani ya busa usur a can farko. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan, saboda haka kafin ƙarar ta iso kunnensa kusan kashi uku cikin goma na sakan sun wuce, yaro ya riga ya tashi. Sannan yatsa ba ya danna waya nan take. A ƙarshe kuma, ido yana hango yaro yana tahowa, hannu yakan danna tun bai iso ba. Ko ƙwararrun masu riƙe agogo, waɗanda ke kallon hayaƙin bindiga maimakon jiran ƙararta, an san lambarsu takan gaza ta lantarki da kimanin kashi 24 cikin ɗari na sakan. Haɗa da filin da aka auna da taku, wanda wataƙila mita 92 ne. Sakan goma da rabin nan, in an bi shi da gaskiya, yana iya komawa sha ɗaya da rabi ko fiye. Ga ɗan sakandare da bai taɓa ganin koci ba, wannan ma abin yabo ne. Sai dai tsakaninsa da Bolt akwai mita goma sha biyar zuwa ashirin.

Akwai kuma iska. A gefen fili ana kafa na'urar auna ta, idan ta turo 'yan tsere daga baya da fiye da mita biyu a sakan, wanda ya ci ya ci, amma ba za a rubuta lambarsa a kundin tarihi ba. Mita biyu a sakan ɗin nan iska ce mai laushi, wadda da ƙyar take kaɗa ganyen darbejiya, ba ta kama ƙafar iskar hunturu ba. Tyson Gay ya taɓa yin 9.68 a 2008, ƙasa da tarihin duniya na lokacin, aka ƙi karɓa saboda iskar ta haura mita huɗu. Idan ka ga an rubuta wata ƙaramar lamba kusa da lokacin, kamar +1.2 ko -0.5, ita ce iskar. Tudu ma yana taimako: birnin Meziko ya haura mita 2,200 sama da teku, iskarsa ba ta da kauri, ba ta tare mai gudu sosai.

Dokar da ta fi ɗaure wa masu kallo kai ita ce ta riga malam masallaci. Kowane ɗan tsere yana durƙushe, ƙafafunsa na dafe da wasu ƙarafa na tokare, kuma ƙarafan suna jin nauyin da aka ɗora musu. Idan mutum ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan bayan ƙarar bindiga, ana ɗauka ba jin ta ya yi ba, cinta ya yi, domin an ƙiyasta kunne da ƙwaƙwalwa da tsoka ba sa gama aikinsu a ƙasa da haka. Ka lura: bayan bindiga ya tashi, amma laifi ne. Tun 2010 kuskure ɗaya ya isa a kore ka. Doka ba ta san babba ba, don a gasar duniya ta Daegu a Koriya ta Kudu a 2011 Bolt da kansa ya yi azarɓaɓi, ya tuɓe riga ya fice, abokin atisayensa Yohan Blake ya ɗauki zinaren. A ganina dokar ta yi tsauri, shekarun wahala su tafi a motsi guda. Amma kafin ta, wasu sun mai da tashin ƙarya dabarar rikita abokan hamayya.

Shi kansa gudun ba iri ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Mita talatin na farko a sunkuye ake yin su, ana tura ƙasa baya da ƙarfin cinya. Daga nan jiki ya miƙe a hankali, gudu ya kai ƙololuwa wajen mita sittin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, daga wajen mita tamanin kowa raguwa yake yi. Wanda kake gani kamar ya ƙara wuta a ƙarshe, ba ƙarawa ya yi ba, nasa gudun ne ya fi jinkirin mutuwa. Shi ya sa koci ke hana ɗaure fuska da cije haƙora: tsokar da ta ƙage ba ta sakin ƙafa. Duba fuskar manyan 'yan tsere a hoton da aka rage wa sauri, za ka ga kumatu na rawa kamar na mai barci a mota.

Ina Najeriya a wannan fage? Tana da tarihi mai kyau. A Olamfik na Basalona a 1992, Oluyemi Kayode da Chidi Imoh da Olapade Adeniken da Davidson Ezinwa sun ciyo azurfa a gudun miƙa sanda, Amurka kaɗai ta riga su. A Atina a 2004 aka samo tagulla. A shekarar 2006 Olusoji Fasuba ya yi 9.85 a Doha, lambar da ta zauna a matsayin tarihin Afirka shekara goma sha biyar, kuma a 2008 ya ci gasar duniya ta mita 60 ta cikin ɗaki. Enoch Adegoke ya kai zagayen ƙarshe a Olamfik na Tokyo a 2021, tsokar bayan cinya ta tsinke masa a tsakiyar fili. Kayinsola Ajayi ya kai zagayen ƙarshe na gasar duniya a 2025. Akwai kuma waɗanda suka tafi da ƙafarsu wani gida: Francis Obikwelu ya ciyo wa Fotugal azurfa a 2004 da 9.86, Femi Ogunode ya koma Katar. Yawancin na yanzu a jami'o'in Amurka suke samun horo.

Ba a rasa tabo ba. Ben Johnson na Kanada ya yi 9.79 a Seoul a 1988, bayan kwanaki kaɗan gwajin fitsari ya tona cewa ya yi amfani da maganin gina tsoka, aka ƙwace zinaren aka ba Carl Lewis. Namu Divine Oduduru, wanda ya yi 9.86 a 2019, an dakatar da shi shekara shida a 2023 kan karya dokar ƙwayoyi. Matashin da ke jin wata ƙwaya daga kemis za ta ƙara masa gudu ya san cewa a matakin manyan gasanni har gida ake bin mutum a ɗebi jininsa, ba tare da sanarwa ba.

Wanda ya karanta sunayen nan zai lura babu Musa babu Garba, kuma daga nan wasu ke yanke hukunci cewa gajeren tsere ba na jikin ɗan Arewa ba ne. An daɗe ana faɗin haka game da Kenya, ƙasar masu dogon zango, sai ga Ferdinand Omanyala, wanda ya faro daga wasan zari-ruga, ya yi 9.77 a Nairobi a 2021, ya karɓe tarihin Afirka. Letsile Tebogo na Botswana ya faro daga ƙwallo, a 2024 ya ci zinaren mita 200 a Paris da 19.46, zinaren Olamfik na farko a tarihin ƙasarsa. Jamaika kuwa mutanenta ba su kai miliyan uku ba, ba su kai na jihar Zamfara ba. Mahaifin Bolt ya taɓa danganta gudun ɗansa da doyar yankinsu, amma da doya ce sirrin, da Binuwai ta cika duniya da zakaru. Abin da Jamaika ke da shi gasar makarantun sakandare ce da ake yi duk shekara tun 1910, wadda ke cika babban filin wasa na Kingston, ana nuna ta a talabijin, koci-koci na zaune da agogo. Bolt ɗan ƙauye ne, daga Sherwood Content, kuma hankalinsa na kan wasan kurket har malamansa suka karkato da shi. Yana da shekara 15 ya ci gasar matasa ta duniya a mita 200. A can, yaro mai ƙafa ba ya ɓoyuwa. A nan kuwa ƙwallo ce ke kwashe shi, ko gona, ko acaɓa, ga matsalar tsaro da ta rage zirga-zirga tsakanin garuruwa, ba tare da kowa ya taɓa sanin ainihin lambarsa ba.

Sanin lambar kuwa ba ya buƙatar kyamarar Paris. A samu tef na magina a auna mita 100 cif a shimfiɗaɗɗen wuri marar gangare, da safe kafin iska ta taso. Mai ba da umarnin tashi ya riƙe tuta ya sauke ta, masu agogo su bi tutar da ido maimakon jiran usur. Su zama uku, a jefar da lamba mafi sauri da mafi jinkiri, a riƙe ta tsakiya, kamar yadda dokar awon hannu ta tanada, sannan a ƙara mata rubu'in sakan. Yaron ya ɗumama jiki na aƙalla minti ashirin tukuna, don tsokar da ta kayar da Adegoke ba ta bar kowa ba. A maimaita a ranaku daban-daban, a rubuta a littafi da kwanan wata. Idan ɗan shekara sha shida ya riƙa sauka kusa da sakan sha ɗaya ta wannan hanya, a ƙasa, babu takalmi mai ƙusa, to malaminsa ya ɗauki littafin nan da yaron su nufi hukumar wasanni ta jiha a Gusau, su tambayi ranar da za a tace 'yan wasan da za su wakilci Zamfara a gasar wasanni ta ƙasa.