Lisbon: Birnin da kifi ke fitar da baƙo Musulmi kunya

Abokai biyu da suka sauka Lisbon, babban birnin Fotugal, da niyyar yawon buɗe ido za su ga cewa hawan tudu ne wahalar farko. Ta biyu ita ce tambayar da ke bin Musulmi duk inda ya shiga a Turai: me za a ci?

An gina birnin a kan tuddai a bakin kogin Tagus, shi ya sa baƙi ke rububin taragon lantarki mai lamba 28. Yana tashi daga dandalin Martim Moniz, ya kutsa lungunan Alfama, inda wani lokaci bango ke kusan gogar taga. Cunkoso ya sa 'yan sane sun san hanyar, don haka gara a yi sammako, a kuma riƙe waya da kyau.

Sunan Alfama daga Larabci ya samo asali, daga "al-hamma", wato maɓuɓɓugar ruwan zafi. Musulmi sun mulki birnin sama da shekara 400, kafin Sarki Afonso Henriques ya ƙwace shi a 1147. Girgizar ƙasar 1755 ta rusa tsakiyar Lisbon, amma yawancin Alfama ta tsira, lungunanta na nan a murɗe.

Inda naman alade ke ɓuya

Mutanen Fotugal na son naman alade, kuma ba kullum ake ganin sa a fili ba. Bifana, burodin da ake sayarwa a kowace kusurwa, naman alade ne a ciki. Miyar ganye ta caldo verde kamar ba ruwanta da nama, amma ana jefa mata yankan tsiran alade da ake kira chouriço. Akwai ma girkin da ke haɗa alade da abincin teku a faranti ɗaya, sannan ana zuba giya a miya da yawa. Kalma biyu sun isa a yi tambaya: "porco" alade ne, "vinho" kuwa giya.

Mafita ita ce kifi. Bacalhau busasshen kifi ne mai gishiri, yawancinsa daga Norway, ɗan'uwan wanda ake shigowa da shi kasuwannin Najeriya. Sai an jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu kafin girki. A bacalhau à Brás ana marmasa shi da albasa da ƙwai da soyayyen dankalin Turawa, kuma faranti ɗaya kan ishi mutum biyu idan ba mayunwata ba ne sosai. A watan Yuni kuwa, hayaƙin gasasshen sadin ne ke cika Alfama, ana ɗora kifin a kan yankan burodi a ci da hannu.

Wanda ya ƙosa da nama sai ya gangara titin Benformoso kusa da Martim Moniz, inda 'yan Bangladesh ke da gidajen abinci na halal. Babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1985, yana kusa da Praça de Espanha.

Layi don ɗan kek

A unguwar Belém, dab da majami'ar Jerónimos, akwai shagon da tun 1837 yake gasa ɗan kek ɗin ƙwai da madara da ya yi suna a duniya. Ana ci da zafinsa, a barbaɗa kirfa. Layin waje kan yi tsawo, alhali a ciki akwai ɗakunan zama masu yawa, kuma samun kujera kan fi sauri.

Abu ɗaya ke haddasa gardama lokacin biyan kuɗi. Burodi da zaitun da cukwi da ake ajiyewa a tebur tun kafin a yi oda ba kyauta ba ne. Wanda ya taɓa zai gani a rasit, wanda bai so ba sai ya ce a ɗauke.