Shafin Intanet Na Ƙungiya: Yadda Ake Gina Shi, Da Haƙƙin Rijiyar Da Ake Ɗiba

 A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan wata magana da samarinmu ke yawan kawowa, watau buɗe shafin intanet da sunan ƙungiya ko da sunan kara. Wasu dattawa na ganin abin na 'yan boko ne, wasu kuwa sun yarda amma suna tsoron kada a cuce su. To, ga yadda abin yake, domin kowa ya san abin da zai sa hannu a kai.

Daga Lome zuwa Sokode kimanin kilomita 340 ne, zuwa Dapaong kuwa ya haura 600. Mahaucin da ke jiran kaya a Adetikope yana so ya san yadda kasuwa ta ci a Sinkase ko Koundjoare kafin ya aika da kuɗinsa. Yanzu ta waya ake yi, ko ta WhatsApp, kuma ba a ce ba su da amfani ba. Amma saƙon WhatsApp yau ya zo, gobe saƙonni ɗari sun binne shi, kuma kowa na iya rubuta abin da ya ga dama ya ce daga bakin shugabanni ya fito. Shafi kuwa wuri ne tsayayye mai suna, wanda duk abin da aka gani a cikinsa an san ƙungiya ce ta faɗa.

Abubuwa Uku Da Ke Yin Shafi

Na farko shi ne suna, watau adireshin da mutum zai rubuta a wayarsa ya iso gare ku. Wanda ya ƙare da .tg na Togo ne, kamar yadda .ng yake na Nijeriya, .ne na Nijar, .bf na Burkina Faso. Akwai kuma irin su .com da .org waɗanda ba na wata ƙasa ba ne. Shi wannan suna haya ake yi, shekara-shekara ake biya, in aka yi sakaci wa'adi ya wuce wani na iya ɗauke shi.

Na biyu shi ne masauki. Kamar yadda baƙon da ya kawo shanu yake sauka gidan mai masauki, a tsare masa kayansa, haka shafi yake zaune cikin wata babbar kwamfuta da ba ta barci dare da rana, ta wani kamfani da ake biya. Kuɗin suna da na masaukin ƙaramin shafi, in aka haɗa su na shekara guda, ba su kai kuɗin maraƙi ɗaya ba.

Na uku shi ne manhaja, watau kayan aikin da ake shirya rubutu da hotuna da su. A nan ne maganar take da daɗi, domin mafi shaharar wannan manhaja kyauta ce, kuma ta jama'a ce.

Asalin Abin

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya ƙago tsarin shafuffukan nan a 1989, yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Geneva. A ran 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta sakar wa duniya tsarin, ba ta nemi ko sisi ba. Intanet ta shigo Togo a 1997 ta hannun kamfanin CAFE Informatique na Lome, sa'an nan a watan Maris 2022 babbar igiyar ƙarƙashin teku ta kamfanin Google, mai suna Equiano, ta sauka a gaɓar Lome. Shi ya sa abin da a da sai mai hali, yau yana cikin aljihun yaron da ke kora shanu zuwa mota.

Manhajar da muke magana kuwa sunanta WordPress. Ta fito a ran 27 ga Mayu 2003, daga hannun mutum biyu, Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila. Ba daga ƙasa suka faro ta ba. Akwai wata tsohuwar manhaja mai suna b2, ta wani mutumin Faransa, Michel Valdrighi, wanda ya daina kula da ita. Da yake ya sake ta ne bisa wata yarjejeniya da ake kira GPL, sai waɗannan biyu suka ɗauka suka ci gaba daga inda ya tsaya, ba tare da sun ci haƙƙin kowa ba. Yau a cikin kowane shafi 10 na duniya, kimanin 4 da ita aka gina su.

Ita yarjejeniyar GPL, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1989, ga abin da ta ƙunsa a taƙaice: kana da ikon amfani da manhaja yadda kake so, ka buɗe cikinta ka ga yadda take aiki, ka gyara ta, ka kuma ba wani. Sharaɗi ɗaya ne, in ka gyara ka raba wa mutane, dole ka bar musu irin 'yancin da kai ma ka samu. Kamar rijiyar burtali ke nan, kowa ya shayar da dabbobinsa, amma ba mai kewaye ta da ƙaya ya ce tasa ce. Ba a ce babu rigima a can ba. A watan Satumba 2024 saɓani ya tashi tsakanin manyan kamfanoni biyu masu cin abinci da WordPress, watau Automattic da WP Engine, har aka je kotu a Amurka. Duk da haka yarjejeniyar ba ta canja ba, wanda ya sauke manhajar tana nan hannunsa.

Yadda Za A Fara, Da Maganar Mabuɗi

Yaron da ya iya kwamfuta daidai gwargwado zai iya kafa WordPress cikin yini ɗaya. Zai zaɓi riga, watau siffar da shafin zai fito da ita, kuma akwai dubbai na kyauta. Zai iya ƙara wasu 'yan kayan haɗi, kamar na jadawalin farashi ko na aika saƙo. Wannan duk mai sauƙi ne. Inda ake faɗuwa shi ne maganar mabuɗi.

Sau da yawa a wurare daban-daban an ga yadda ake ba yaro kuɗi ya yi wa ƙungiya shafi, ya yi rajistar suna da sunansa da lambar wayarsa, daga baya ya tafi ci-rani ko a sami saɓani, shafi ya mutu a hannunsa. Saboda haka, ranka ya daɗe shugaba, kafin a fitar da ko dala ɗaya a tabbatar da abubuwan nan. A yi rajistar suna da masauki da sunan ƙungiya. A rubuta kalmomin sirri a takarda, a rufe a ambulan, a ajiye wurin ma'aji da wani dattijo amintacce. A rubuta ranar da hayar suna za ta ƙare a littafin sakatare. Sa'an nan ita WordPress tana da matakai na izini: akwai mai gudanarwa wanda komai ke hannunsa, akwai edita, akwai marubuci. Mai shigar da farashi ba ya bukatar babban mabuɗi, kamar yadda ba a ba mai share rumfa makullin akwatin kuɗi.

Bayan haka a riƙa sabunta manhajar duk lokacin da sabon gyara ya fito, domin ɓarayin intanet ta tsohuwar ƙofa suke shiga. A kuma riƙa sauke kwafin shafin gaba ɗaya ana ajiyewa, ko da sau ɗaya a wata.

Abin Da Za A Sa, Da Wanda Ba A Sawa

A sa ranakun kasuwanni, da matsakaicin farashin bijimi da saniya da karsana da maraƙi a kowace kasuwa, tare da ranar da aka ɗauki farashin, domin farashi marar rana ɓata ne. A sa sanarwar rigakafi daga ma'aikatan dabbobi, musamman na ciwon huhu. A sa bayanin takardun da ake nema a hanya, kamar takardar shaidar ƙetare iyaka da garke wadda ECOWAS ta tsara tun 1998. A sa cigiyar dabbar da ta ɓata, da hotonta da lambar da ke jikinta. A sa sunayen dillalan da ƙungiya ta yarda da su, bayan an nemi izininsu, domin Togo ta yi dokar kare bayanan mutane a 2019.

Wanda ba a sawa kuwa, shi ne ranar tashin mota, da yawan shanun wane, da sunan wanda zai riƙo kuɗi. Kowa ya san halin da aka shiga a arewa, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes a watan Yuni 2022. Shafi kowa ke karantawa, mai saye da ɓarawo. Haka nan a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙungiya ba ta karɓar kuɗin saniya ta Flooz ko Mixx saboda hoto kawai. Ba a cinikin biri a sama, kuma intanet ba ta soke wannan ba.

A lura da masu karatun. Yawancinsu a waya za su duba, wani yana ƙauye inda layi ke zuwa yana ɗaukewa, don haka a rage nauyin hotuna. A gwada rigar da aka zaɓa a ga tana fitar da ɓ da ɗ da ƙ daidai. A yi rubutu da Hausa da Faransanci, tunda da Faransanci hukuma ke aiki. Ga waɗanda ba su yi boko ba, ana iya sa rubutun ajami, ana kuma iya ɗora murya, mutum ya danna ya saurara.

Yasar Rijiya

To, yanzu ga babbar maganar. Rijiyar da kowa ke ɗiba ba wanda ke yashe ta, ƙarshenta ta cike da laka. WordPress tana raye ne saboda dubban mutane a ƙasashe daban-daban suna yi mata aikin gayya. A 2014 Mullenweg ya yi kira ga kamfanonin da ke amfana da ita su ba da kashi 5 cikin 100 na ƙarfinsu ga wannan aiki. In aka auna da mai aikin awa 40 a mako, awa 2 ke nan. Mai karatu zai ce, mu da muke kara me za mu iya bayarwa? Akwai hanyoyi, kuma ba wadda ke bukatar a iya rubuta manhaja.

Ta farko ita ce fassara. Duk kalmomin da ke cikin WordPress, irin su ajiye da goge da wallafa, 'yan sa kai ne ke fassara su jimla-jimla a dandalin fassara na wordpress.org. Kowa na iya yin rajista kyauta ya kawo tasa fassarar, editocin harshen su duba su amince. Faransanci ya daɗe da samun masu yi masa, Hausa kuwa an buɗe mata gurbi amma da sauran aiki. Yaro na da kwamfuta, dattijo na da Hausa. In suka zauna tare awa biyu bayan la'asar, jimlolin da suka gyara za su amfani mutumin Kano da na Maraɗi da na zangon Kumasi baki ɗaya.

Ta biyu ita ce hotuna. Tun ƙarshen 2021 WordPress ta buɗe rumbun hotuna na kyauta wanda kowa ke zubawa kowa ke ɗauka, kuma ƙa'idarsa ita ce kada fuskar mutum ta fito. Wannan ya yi daidai da mu. Farar saniya da bokolo da jan sa mai dogon ƙaho, da turke da kwarya da mashaya, duk ga su a gabanmu kullum. In ba mu ɗauka mun zuba ba, mai neman hoton saniya zai ci gaba da samun ta Turai.

Ta uku ita ce koyarwa da taro. Masu amfani da WordPress suna haɗuwa a garuruwansu su koya wa juna ba da kuɗi ba, suna kuma yin babban taro mai suna WordCamp, wanda aka fara a San Francisco a 2006, aka yi irinsa a Legas a 2018. Ƙungiyar da ke da zaure da wuta da benci tana iya ba samarin gari aron wurin sau ɗaya a wata. Ɗaliban Jami'ar Kara, wadda ke kan hanya tsakanin Sokode da Dapaong, ba su da nisa da mu.

Ta huɗu ita ce kai rahoto. In wani abu ya lalace, misali harafinmu ya ƙi fitowa, a rubuta wa masu manhajar yadda abin ya faru dalla-dalla. Shi ma taimako ne, don likita ba ya maganin ciwon da ba a faɗa masa ba.

Kada a ɗauka irin wannan aiki sai Turawa. A Lome an kafa wani ɗakin ƙere-ƙere na jama'a mai suna WoeLab a 2012, inda a 2013 Afate Gnikou ya haɗa injin da ke ƙera kaya daga zanen kwamfuta, da tarkacen tsofaffin na'urori da aka zubar, har labarinsa ya zaga duniya. Akwai kuma matasan Togo da ke sa unguwanni da hanyoyi a taswirar OpenStreetMap, wadda ita ma ta gayya ce. Ana iya roƙon irinsu su sa kasuwannin shanu da wuraren lodi a taswirar, don direba baƙo ya huta da tambaya.

Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, ta Didaure a Sokode ko ta Sansanne Mango, sun san cewa zango ba ya tsayawa sai wanda ya sauka ya bar wa na baya wani abu. Shawararmu ita ce, a zaman da ke tafe a zaɓi mutum uku, dattijo ɗaya da samari biyu, a ɗora musu maganar suna da mabuɗi, a kuma yanke awa nawa za su riƙa ba aikin fassara a kowane mako. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya tsare mu da dukiyarmu a hanya, amin.